Daga Iskar Dariya Zuwa Allurar Dasashi: Tarihin Maganin Kashe Zafi a Aikin Haƙori



Gabatarwa

Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne tarihin magungunan da ake kashe zafi da su a wajen aikin haƙori, da kuma dalilin da ya sa ake koya wa jami'in tsabtar baki ilimin magunguna kafin a ba shi izinin aiki. Jami'in tsabtar baki shi ne ma'aikacin nan da ke kankare dattin da ya daskare a gindin haƙora, yana duba lafiyar dasashi, yana kuma koya wa jama'a rigakafi. Ilimin magunguna kuwa, idan aka taƙaita shi, tambayoyi biyu yake amsawa. Ta farko, me magani yake yi wa jiki? Ta biyu, me jiki yake yi wa magani, wato yaya yake tsotse shi, ya rarraba shi, ya narkar da shi, sa'an nan ya fitar da shi?

Ɗalibai da yawa sukan ɗauki wannan fanni tamkar haddar sunaye da alƙaluma don cin jarrabawa. Nufina shi ne in nuna cewa yawancin ƙa'idojin da ke cikin littafin ɗalibi, sai da wani ya jikkata ko ya rasa ransa kafin aka rubuta su. Maganar ta shafi ma'aikatan gwamnati ma, domin su ne masu tsara manhajar karatu, da sayo magani, da ba da izinin aiki.

Kafin Zuwan Magani

Gyaran haƙori tsohuwar sana'a ce. Al-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya zana hotunan ƙarafan kankare haƙora a cikin littafinsa Al-Tasrif, ya kuma bayyana yadda barin datti a gindin haƙori ke lalata dasashi. A shekarar 1728 wani Bafaranshe, Pierre Fauchard, ya wallafa littafin da ake ɗauka shi ne harsashin likitancin haƙori na zamani. Amma duk gwanintar waɗannan mutane, ba su da abin da zai hana majiyyaci jin zafi in ban da afiyun da giya da wasu tsirrai masu sa maye, waɗanda ba a san ƙarfinsu ba sai an sha. Saboda haka gwanin cire haƙori a wancan zamani shi ne mai saurin hannu, tare da ƙarfafan mutane masu danne majiyyaci.

A ƙasar Hausa ma an daɗe da sanin sa kanumfari a kan haƙori mai ciwo. Wannan dabara tana da tushe, domin man kanumfari yana ɗauke da wani sinadari mai suna yujinol wanda ke lafar da jijiyar haƙori, kuma har yau likitoci suna gauraya shi cikin abin da suke toshe ramin haƙori da shi na ɗan lokaci. Sai dai ƙarfinsa bai kai a sa awartaki a tumɓuke haƙori ba tare da an ji ba.

Zamanin Iska da Tururi

A shekarar 1772 Joseph Priestley na Ingila ya gano wata iska wadda masana ke kira naitiros oksaid. A shekarar 1800 Humphry Davy, wanda ya yi ta shaƙar ta yana gwaji da kansa a birnin Bristol, ya rubuta cewa tana rage zafi, kuma mai yiwuwa ta yi amfani a wajen tiyata. Ba wanda ya kula da wannan shawara har shekara arba'in da huɗu. A tsawon wannan lokaci iskar ta zama abin wasa a dandali, ana ba mutane su shaƙa su yi ta dariya da tangaɗi, har aka laƙaba mata suna iskar dariya.

Ranar 10 ga Disamba 1844 wani mai irin wannan wasa, Gardner Colton, ya zo garin Hartford a jihar Connecticut ta Amurka. Cikin 'yan kallo akwai wani likitan haƙori, Horace Wells, wanda ya lura cewa wani saurayi da ya shaƙi iskar ya buge ƙafarsa har ya ji rauni, amma bai san ya yi ba sai da ta sake shi. Kashegari Wells ya shaƙi iskar da kansa, abokin aikinsa John Riggs ya cire masa turmi guda, bai ji komai ba. A watan Janairu 1845 ya tafi Boston don ya gwada wa ɗaliban likita, amma da aka ja haƙorin sai majiyyacin ya yi ƙara, ɗalibai suka yi wa Wells ihu, ya koma gida da kunya.

Me ya faru? Yau mun san cewa iskar dariya mai rauni ce, kuma tana barin jiki cikin 'yan mintoci da zarar an daina shaƙa. Wells bai san adadin da ya kamata ya bayar ba, bai kuma san cewa abin da ya ishi wani ba lalle ne ya ishi wani ba. Wannan shi ne darasi na farko a ilimin magunguna: sanin magani bai wadatar ba sai an san ƙimarsa da tsawon lokacin aikinsa.

Tsohon abokin sana'ar Wells, William Morton, shi ma likitan haƙori, ya koma ga wani ruwa mai saurin tashi da ake kira ithar. Ranar 16 ga Oktoba 1846, a babban asibitin Massachusetts da ke Boston, ya sa wani majiyyaci barci da tururin ithar, likita John Collins Warren ya yanke masa wani ƙari a wuya. Labari ya tsallake teku nan da nan, har ranar 19 ga Disamba na wannan shekara wani likitan haƙori, James Robinson, ya cire haƙori da ithar a Landan. A watan Nuwamba 1847 James Simpson na Edinbara ya shigo da kulorofom, wanda ya fi ithar daɗin shaƙa da saurin kamawa.

Murna ba ta daɗe ba. A watan Janairu 1848 wata yarinya 'yar shekara 15, Hannah Greener, ta mutu a kusa da Newcastle bayan an ba ta kulorofom don a cire mata farcen ƙafa. A cikin wannan wata kuma Wells, wanda shaƙar kulorofom ta riga ta zame masa jaraba, ya kashe kansa a kurkukun Niyu Yok yana da shekara 33. Wani likitan Landan, John Snow, shi ne ya fara sa ma'auni a cikin al'amarin. Tun a 1847 ya kasa matakan barcin ithar kashi biyar, ya kuma ƙera na'urar da ke daidaita yawan tururin da ake shaƙa. A 1868 Edmund Andrews na Chicago ya fara gauraya iskar dariya da oksijin, domin ba da ita tsantsa yana hana jini samun iskar da rai ke bukata. Sai a 1911 ne Goodman Levy ya nuna cewa kulorofom yana rikita bugun zuciya har ta tsaya farat ɗaya. Ku lura, shekara sittin da uku ke nan tsakanin mutuwar yarinyar nan da gano dalilinta.

Haɗarin sa mutum barci a kan kujerar likitan haƙori bai gushe da sauri ba. A Ingila sai daga farkon shekarar 2002 aka hana yin haka a ɗakunan likitocin haƙori, aka mayar da shi asibitin da ke da kayan ceto, bayan mutuwar yara da dama.

Ganyen Koka

Tun da sa barci yana da haɗari, sai tunani ya koma ga yadda za a kashe wurin da ake aiki kaɗai, mutum yana farke. Mutanen duwatsun Andis na Kudancin Amurka sun daɗe suna tauna ganyen wata bishiya mai suna koka don maganin gajiya da yunwa. A 1860 wani ɗalibin kimiyya a Gottingen ta Jamus, Albert Niemann, ya tace sinadarin ganyen, ya kira shi koken, wato abin da jama'a ke kira hodar Iblis a yau. Ya kuma rubuta cewa in an ɗora shi a harshe, harshen yakan mutu. Shi ma wannan bayani ya kwanta shekara ashirin da huɗu ba a yi aiki da shi ba.

A 1884 wani matashin likitan ido a Biyana, Carl Koller, ya ɗiga ruwan koken a idon kwaɗo, sa'an nan a nasa idon, ya ga ana taɓa idon ba ya ji. Ba shi da kuɗin mota zuwa taron likitocin ido na Heidelberg, sai wani abokinsa ya karanta takardarsa a can ranar 15 ga Satumba. Kafin shekarar ta ƙare, William Halsted da Richard Hall a Niyu Yok sun yi allurar koken kusa da jijiyar da ke ratsa muƙamuƙin ƙasa, sai rabin muƙamuƙin ya mutu tare da haƙoransa da leɓe. Wannan ita ce allurar da ake yi har yau in za a yi aiki a turamen ƙasa.

Amma koken kamar zuma yake, ga zaƙi ga harbi. Halsted da Hall sun yi gwajin a jikinsu, dukansu biyu kuwa jarabarsa ta kama su. Halsted ya zama babban malamin tiyata a asibitin Johns Hopkins, amma ya musanya koken da mofin, bai rabu da shi ba har rasuwarsa a 1922. Ban da jaraba, majiyyata da yawa sun yi jijjiga ko sun mutu a kan kujera, domin ana ba su ruwan koken mai kauri, yana shiga jini da sauri ya bugi ƙwaƙwalwa da zuciya. A 1892 Carl Schleich na Balin ya nuna cewa in an tsinka maganin ƙwarai yana yin aiki, haɗarinsa kuma ya ragu. Darasi na biyu ke nan: maganin da aka sa a wuri guda ba ya zama a wurin, komai daɗewa jini zai kwashe shi zuwa sauran jiki.

Yadda Aka Gyara Maganin

Gyara na farko ya zo ne daga wata 'yar halitta da ke zaune bisa ƙoda. A 1901 wani masani ɗan Japan mai aiki a Amurka, Jokichi Takamine, ya fito da tataccen sinadarinta, wato adirenalin, wanda ke tsuke ƙananan jijiyoyin jini. A 1903 Heinrich Braun na Leipzig ya gauraya shi da koken. Da jijiyoyin jini suka tsuke, sai maganin ya daɗe a wurin da aka sa shi, aikinsa ya yi tsawo, abin da ke shiga jini a lokaci guda ya ragu, zubar jini ma ta ragu.

Gyara na biyu shi ne neman magajin koken wanda ba ya sa jaraba. Alfred Einhorn na Munich ya harhaɗa furoken a 1904, aka fara sayar da shi a 1905 da sunan Novocain. Ya yi shekara arba'in yana mulki a ɗakin likitan haƙori, duk da cewa yana jinkirin kamawa, kuma in jini ya narkar da shi yakan bar wani sinadari da ke tayar wa wasu mutane borin jini. A 1943 Nils Löfgren da Bengt Lundqvist a Sitokholm ta Suwidin suka harhaɗa lidoken, wanda kamfanin Astra ya fitar kasuwa a 1948 da sunan Xylocaine. Yana kamawa da sauri, yana daɗewa, hanta ce ke narkar da shi, kuma da wuya jiki ya ƙi shi. Daga baya wasu sun biyo, kamar atiken wanda aka fara amfani da shi a Jamus a 1976, amma har yau da lidoken ake gwada sauran.

Kayan aiki ma sun sauya. Wani likitan sojan Amurka na lokacin Yaƙin Duniya na Farko, Harvey Cook, ya kwaikwayi yadda ake ɗura harsashi a bindiga, ya ƙirƙiro 'yar kwalbar da ake zura wa sirinji, mai ɗauke da adadin magani sananne. Daga baya aka fito da sirinji mai ja da baya, wanda ma'aikaci zai ɗan ja kafin ya tura magani. In ya ga jini ya shigo kwalbar, ya san bakin allurar yana cikin jijiyar jini, sai ya gyara mata zama.

Yadda Maganin Ke Aiki

An yi shekara kusan saba'in ana amfani da waɗannan magunguna ba a san ainihin abin da suke yi ba. A 1952 Alan Hodgkin da Andrew Huxley na Jami'ar Kambirij suka bayyana cewa saƙo yana tafiya a cikin jijiya ne ta hanyar shigar sinadarin sodiyam ta wasu ƙananan ƙofofi da ke jikin tantaninta. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa lidoken da 'yan uwansa suna ratsa tantanin, su toshe ƙofofin daga ciki, sai saƙon zafi ya kasa isa ƙwaƙwalwa.

Wannan sani ya warware abubuwa biyu. Na farko, dalilin da ya sa allura ba ta kamawa sosai a haƙorin da ya tara mugunya: naman da ya kumbura yana da tsami, tsamin kuwa yana sauya yanayin maganin yadda ba zai iya ratsa tantanin jijiya ba. Ƙara allura a kan allura a irin wannan wuri kusantar da majiyyaci ne ga guba. Na biyu, irin waɗannan ƙofofi suna nan a ƙwaƙwalwa da zuciya, shi ya sa in maganin ya yi yawa a jini ake fara jin ƙara a kunne da ɗanɗanon ƙarfe a baki da jiri, sa'an nan jijjiga, daga ƙarshe zuciya ta raunana.

Shigowar Jami'in Tsabtar Baki

Sana'ar tsabtar baki ta samo asali ne daga garin Bridgeport, a jihar nan ta Connecticut inda Wells ya yi gwajinsa. A 1906 likita Alfred Fones ya koya wa 'yar uwarsa Irene Newman kankare haƙora, a 1913 ya buɗe makaranta, a 1914 mata 27 suka kammala, a 1917 kuma Newman ta karɓi takardar izini ta farko. Da farko aikinsu bai wuce wanke haƙora da koyar da 'yan makaranta ba. Amma da aka gane cewa maganin ciwon dasashi yana bukatar kankara har ƙarƙashin nama, wadda ba a jure ta sai da allura, sai jihar Washinton ta halatta musu yin allurar a 1971, wasu jihohi da ƙasashe suka bi sahu. Wanda aka ba sirinji kuwa, tilas a ba shi lissafinsa.

Ga misalin lissafin. Ruwan lidoken mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari yana da miligiram 20 a kowace mililita, saboda haka kwalba mai mililita 1.8 tana ɗauke da miligiram 36. Likitocin haƙoran yara da yawa ba sa wuce miligiram 4.4 a kan kowane kilo na nauyin jiki. Yaro mai kilo 20 iyakarsa miligiram 88 ke nan, wato bai kai kwalba biyu da rabi ba. Kwalba huɗu da ba za su dami babban mutum ba suna iya jefa wannan yaro cikin jijjiga. Haka kuma adirenalin: in an tsinka shi kashi ɗaya cikin 100,000, kowace kwalba tana da miligiram 0.018, mai ciwon zuciya mai tsanani kuwa ba a so a wuce masa 0.04, wato kwalba biyu. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Ban da abin da jami'i ke bayarwa, akwai magungunan da majiyyaci ke zuwa da su a jikinsa, kuma su ma tarihi ne ya koya mana illarsu. An fara ba masu farfaɗiya fenitoyin a 1938, shekara guda bayan haka aka ba da rahoton cewa yana sa dasashi ya yi toho har ya rufe haƙora. Wasu magungunan hawan jini, kamar nifedifin da amlodifin, su ma suna yin haka. Tun cikin shekarun 1950 aka lura cewa tetarasaikilin yana rina haƙoran yara rinin da ba ya fita, shi ya sa aka hana ba da shi ga mai ciki da yaron da bai kai shekara 8 ba. Asfirin, wanda ya shiga kasuwa a 1899, yana rage daskarewar jini har kwana bakwai zuwa goma, kuma in an ɗora ƙwayarsa a kan dasashi, kamar yadda wasu ke yi, sai ya ƙona naman. A 2003 aka gano cewa wasu magungunan ƙarfafa ƙashi da ake ba masu ciwon daji suna sa ƙashin muƙamuƙi ya mutu bayan cire haƙori. Jami'in tsabtar baki yakan daɗe yana duba bakin majiyyaci fiye da kowa, don haka sau da yawa shi ne zai fara ganin waɗannan alamu, in dai ya san su, kuma ya tambayi majiyyaci abin da yake sha.

Kammalawa

Daga 1844 zuwa yau, hanya ɗaya tarihin nan ya bi: a gano magani, a yi murna da shi, illarsa ta bayyana, sa'an nan a koma a auna. Ga ɗalibai, abin da wannan ke nufi shi ne kada a ɗauki sirinji sai an tambayi majiyyaci tarihin lafiyarsa da magungunansa, an san nauyinsa, an yi lissafin iyakarsa, sa'an nan a ja sirinji baya, a tura magani a hankali, a rubuta adadin da aka bayar.

Ga ma'aikatan gwamnati kuwa, duk wurin da aka halatta yin allurar nan ya kamata a tanadar masa sikeli, da tukunyar oksijin, da adirenalin na ceto wanda kwanansa bai ƙare ba, da ma'aikacin da aka horar kan farfaɗo da wanda ya suma. Adirenalin na ceto, mai ƙarfin kashi ɗaya cikin 1,000, ya ninka na kwalbar haƙori sau ɗari, saboda haka mai sayowa da mai ajiya dole su san bambancinsu. Haka nan in za a rage sa'o'in karatu a manhaja, kada a fara da ilimin magunguna, domin kuskuren kankara ana gyara shi a zuwa na gaba, kuskuren allura kuwa wani lokaci ba ya ba da wannan dama.